Babi na Bakwai: Wutar da ke Cikin Gwangwanin Alewa

A shekarar 1998 wani mai sha'awar harkar sauti, Chu Moy, ya fitar da bayanin yadda mutum zai haɗa ƙaramin amfilifaya na hedifon da hannunsa, wanda zai shiga aljihun riga. Kayan haɗin ba su taka kara sun karya ba: aisi mai ƙara ƙarfin sauti, 'yan resistoci, kafasitoci kaɗan, makunni, da batir guda mai bolt 9, irin mai kusurwa huɗun nan da ake sa wa mita da makirfo maras waya. Waɗanda suka bi sawunsa sai suka riƙa zuba kayan a cikin gwangwanin alewar Altoids, har na'urar ta yi suna da CMoy. Masu haɗa kayan lantarki da yawa a duniya da ita suka fara koyon riƙe ƙarfen solda.

Wanda ya duba zanen na'urar zai ga ya rabu gida biyu. Gida ɗaya na sauti ne, kuma a nan masu koyo suke tarewa, suna gardamar wane aisi ya fi daɗin amo. Ɗaya gidan na wuta ne, resista biyu da kafasita biyu da batir, kuma shi ake yi wa kallon hadarin kaji. A ganina an juya lamarin. Amfilifaya ba ya ƙirƙirar ƙarfi ko ƙanƙani. Wutar batir yake ɗiba yana miƙa wa hedifon daidai da yadda sautin da ya shigo ya umarce shi. Duk abin da ya isa kunnenka daga batir ya fito, kuma aibin da ke wajen batir ba ya tsayawa a can.

Saboda haka tsarin yana farawa daga hedifon ɗin da za a saurara da shi, don su ma ba buƙatarsu ɗaya ba. Sennheiser HD 600 yana da om 300. Yawancin na kamfanin Grado a da om 32 ne, ƙananan iyafis na cusawa a kunne kuma sukan sauko har om 16. Beyerdynamic yana sayar da DT 880 iri uku, mai om 32 da mai 250 da mai 600. Mu ɗauki mai om 300, a ce muna son kai masa bolt 2 na matsakaicin ƙarfin sauti. Ƙololuwar wannan igiya tana kai bolt 2.8 sama, ta kuma sauka bolt 2.8 ƙasa, amma karant ɗin da zai ja bai kai mili-amfiya 10 ba. Mai om 32 kuwa rabin bolt ya ishe shi ya cika kunne, sai dai a ƙololuwa yana jan mili-amfiya 22 a kowane kunne, wato 44 idan ganga ta bugi kunnuwan biyu a tare. Na farko boltej yake nema, na biyu karant. Tsarin wutar da ya gamsar da ɗaya yana iya durƙushewa a gaban ɗayan.

Matsala ta gaba daga yanayin sauti take. Fatar lasifika tana turawa gaba ne ta ja baya, don haka wutar da ke motsa ta dole ta haura sama da sifiri ta kuma gangara ƙasa da shi. Aisi irin OPA2134 na kamfanin Burr-Brown, wanda Texas Instruments ya saye a shekarar 2000, yana son layuka uku: fozitif, nagatif, da layin tsakiya wanda ake ɗauka a matsayin sifiri, inda wayar hedifon ta uku take komawa. Batir kuwa baki biyu gare shi. Ina za a samo na ukun?

Akwai tsohuwar hanya ta kauce wa tambayar. A bar mafitar aisin ta zauna a rabin boltej ɗin batir, sannan a sa babban kafasita tsakaninta da hedifon ya tare wutar da ba ta motsi, ya bar sauti ya wuce. Tana aiki, kuma ƙananan na'urori da yawa haka aka yi su. Farashinta shi ne bes. Kafasita mai maikurofarad 100 a gaban om 32 yana fara rage sauti tun daga hazi 50, mai 220 kuma daga wajen hazi 23. Ga kuma ƙarar "ɗas" da ke dukan kunne duk lokacin da aka kunna, sa'ad da kafasitan yake cika ta cikin hedifon.

Chu Moy ya bi wata hanyar. Ya jera resista biyu masu om 4,700 daga bakin batir zuwa baki, ya kira mahaɗarsu sifiri, ya kuma jingina wa kowace kafasita mai maikurofarad 220. Bolt 9 ya koma 4.5 sama da 4.5 ƙasa. Dabara ce mai kyau, mai arha, kuma wutar da resistocin suke sha ba ta kai mili-amfiya ɗaya cif ba. Amma wannan sifirin na aro ne, kuma yana nan daram ne kawai muddin ɓangarorin biyu suna jan wuta daidai wa daida. Kamar mangala ce a bayan jaki: idan yashin ɓari ɗaya ya fi na ɗayan, ba za a daɗe da fara tafiya ba sai ta karkace.

Ga yadda karkacewar take faruwa, kuma ya kamata a bi lissafin a hankali don shi ne zuciyar wannan babi. Babu aisin da mafitarsa take zama a sifiri tsantsa. Kullum akwai ɗan rarar boltej a mashigarsa, wanda a OPA2134 yakan kai rabin mili-bolt, a mafi muni mili-bolt 2. CMoy na asali yana ninka abin da ya shigo sau 11, kuma yana ninka wannan rarar tare da sautin. A ce mili-bolt 10 ya bayyana a mafita. A kan hedifon mai om 300 wannan ba komai ba ne. A kan mai om 32 kuwa yana tura kusan kashi ɗaya cikin uku na mili-amfiya, kullum ta fuska ɗaya, zuwa cikin layin tsakiya. Kafasita ba ya iya shanye wutar da ba ta juyawa, sai dai resistocin su ɗauka, su kuma daga mahaɗarsu om 2,350 suke nunawa. Ninka biyun, ka ga sifiri ya gusa da bolt 0.7. Idan kunnuwan biyu suka haɗu a fuska ɗaya, gusawar ta kusa bolt ɗaya da rabi. Wanda ya yi tsammanin 4.5 da 4.5 sai mita ta nuna masa 3 da 6. Ɓangaren da ya ƙanƙance shi zai fara yanke kan igiyar sauti, muryar mai waƙa ta fara gurgura tun ba a murɗa ƙara sosai ba.

Ko babu wannan rarar, bes kansa yana jijjiga layin. Kafasitocin biyu a haɗe maikurofarad 440 ne. A hazi 1,000 tsaikon da suke yi wa wuta bai kai rabin om ba, amma a hazi 20 ya kai om 18, fiye da rabin na hedifon ɗin kansa. Duk bugun ganga mai nauyi yana sa layukan wuta su yi lilo a gefen sifirin, aisin yana ta faman gyarawa.

Magani mafi sauƙi shi ne a ba sifirin mai gadi. Texas Instruments yana da wani ɗan aisi mai ƙafa uku, TLE2426, wanda aikinsa kenan: ya raba boltej biyu daidai, ya riƙe tsakiyar da ƙarfinsa, yana shan wutar da ba ta kai rabin mili-amfiya ba. Iyakarsa wajen mili-amfiya 20 ce, wadda ta wadatar ga hedifon mai om da yawa, ta kuma kawar da karkacewar da muka lissafa gaba ɗaya. Ga mai om 32 da ake buɗe wa wuta, sai a ƙara masa mai ɗaukar nauyi a gaba, irin BUF634, wanda ke iya ba da mili-amfiya 250. A nan kuma gwangwanin ya fara cika, batir ya fara saurin ƙarewa.

Sai hanyar da kowa zai fara tunani: batir biyu a jere, a ɗauki mahaɗarsu a matsayin sifiri. Wannan sifiri ne na gaske, mai ƙarancin tsaiko, kuma ya ninka boltej zuwa 9 sama da 9 ƙasa. Ta fuskar sauti babu abin da ya kai ta tsabta. Sai dai tana buƙatar makunni mai yanke layi biyu a lokaci guda, kuma tana ɗauke da wani haɗari da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Batura biyu ba sa mutuwa rana ɗaya. Idan ɗaya ya riga ɗan'uwansa, ko maɓallinsa ya zame a aljihu, aisin yana iya jingina mafitarsa ga ɓangaren da ya rage, ya zuba bolt da yawa kai tsaye cikin siririyar wayar kwayil ɗin hedifon. Bolt 6 a kan om 32 ya haura wat ɗaya idan aisin mai ƙarfin ba da karant ne, kuma ba a yi ƙananan hedifon don su jure wannan ba. Batir mai arha sai ya ƙone abin da ya fi shi tsada ninkin ba ninkin.

Wani injiniya da ya ɓoye sunansa, wanda aka sani da NwAvGuy, ya ɗauki wannan da muhimmanci a amfilifayan da ya fitar a shekarar 2011 mai suna Objective2. Ya yi amfani da batura biyu masu caji, ya sa aisin NJM4556 a mafita saboda yawan karant ɗinsa, sannan ya keɓe wani sashe na allon ga da'irar da ba ta taɓa sauti sam. Aikinta ta sa ido a kan baturan, da zarar wutarsu ta yi ƙasa da iyaka ta yanke ɓangarorin biyu a tare. Ina ganin wannan sashen ya fi komai nuna ƙwarewa a cikin na'urar. Mai tsarin ya zauna ya yi tunanin sa'ar da batir zai gaza, ya shirya mata tun ba ta zo ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da aka rubuta a jikin batir. Lambar 9 suna ce kawai. A cikin batir alkalin akwai ƙananan ƙwayoyi shida a jere, sabo yakan nuna bolt 9.5, daga nan kuma gangara ce har zuwa ƙasa da 6. Yawancin rayuwarsa tsakanin 8 da 7 yake yin ta. OPA2134 ba ya iya kai mafitarsa har bakin layin wuta, yakan bar tazarar bolt ɗaya zuwa biyu a kowane gefe. Da sabon batir, 4.5 a cire 1.5 ya bar bolt 3, wanda da ƙyar ya ɗauki ƙololuwar 2.8 da mai om 300 yake so. Idan batir ya sauko 7, abin da ya rage bolt 2 ne. Amfilifayan yana nan a kunne, fitilarsa tana ci, amma ya daina yin aikin da aka haɗa shi domin sa. Don haka lissafin boltej da tsohon batir ake yin sa. Ka zaɓi inda za ka ce batir ya ƙare, ka tabbatar sautin yana fita lafiya a wannan matakin. Idan bai fita ba, ko ka ƙara batir, ko ka nemi aisin da ke kai mafitarsa kusa da layi.

Tsawon rayuwa lissafinsa ba wuya. Batir alkalin mai kyau yana da mili-amfiya-awa 500 zuwa 600. OPA2134 yana shan 8 ko ba a saurarar komai, resistocin raba wuta 1, fitila 1, sauti kuma wasu 'yan kaɗan. A ce 12 gaba ɗaya: sama da awa 40 a takarda, ƙasa da haka idan aka tsaya a bolt 7. Abin lura shi ne mafi yawan wutar ba kunne take zuwa ba, aisin ne yake cinye ta a zaune, don haka zaɓen aisi mai ƙarancin ci ya fi rage ƙara tasiri wajen tsawaita batir. Wanda zai saya a kasuwa ya duba jikin batir da kyau. Masu arhar da suka cika shaguna na gawayi da zinki ne, sun dace da mita, amma ƙarfinsu bai kai na alkalin ba, tsaikon cikinsu kuma ya fi yawa, sai boltej ya riƙa nutsewa duk lokacin da bes ya buga. Masu caji na nikel sun zo iri uku, bolt 7.2 da 8.4 da 9.6, gwargwadon ƙwayoyi shida ko bakwai ko takwas, kuma yawancinsu ba su wuce mili-amfiya-awa 300 ba. Kyawunsu shi ne suna riƙe boltej kusan wuri ɗaya har dab da ƙarshe.

Ƙaramin abu guda: maɓallin batir mai bolt 9 yana iya taɓa bakin a juye na daƙiƙa ɗaya yayin da ake lalube, kuma daƙiƙar ta isa kashe aisi. Dayod 1N5817 a kan layi yana hana wannan, a kan asarar kusan bolt 0.3.

Yau kuwa hankalin kowa yana kan lithiyam, kuma da dalili. Tun da Sony ya fara sayar da batirin lithiyam mai caji a 1991, babu batir mai caji da ya kama ƙafarsa wajen tara wuta a ƙaramin jiki. Ƙwaya ɗaya ta 18650 mai mili-amfiya-awa 3,000 tana ɗauke da kusan wat-awa 11, alhali batir mai bolt 9 yana da wajen 4, kuma ita ana sake cika ta sau ɗaruruwa. Matsalarta boltej: 4.2 a cike, 3.7 a tsakiya, 3 a ƙarshe. Raba wannan biyu bai bar wa OPA2134 komai ba, tun da mafi ƙarancin abin da yake tashi da shi bolt 5 ne. Dole a ɗaga wutar, kuma duk mai ɗaga wuta yana yin haka ne ta hanyar yanke ta da haɗa ta dubban sau a daƙiƙa. Batir shi ne tushen wuta mafi shiru da muke da shi, ga shi mun sa masa injin hayaniya a gaba.

Ba a ce kada a yi ba, kusan duk amfilifayan aljihu da ake sayarwa yanzu haka suke. Ana dai zaɓen inda hayaniyar za ta faɗa. Tsohon aisin ICL7660, wanda ke juya fozitif ya zama nagatif, agogonsa yana bugawa a wajen hazi 10,000, a cikin abin da kunne ke ji, sai a riƙa jin siririyar tsuwa a bayan waƙa. Danginsa irin su TC1044S suna da ƙafar da ke ɗaga bugun sama da hazi 20,000. Ƙananan allunan MT3608 suna aiki a hazi miliyan 1.2, nesa da kunne, amma idan abin da ake ja ya yi kaɗan sukan koma aiki tsalle-tsalle, tsallen kuma yana iya saukowa inda ake ji. Aisin sauti yana danne dattin layin wuta har sau dubu ɗari a ƙananan hazi, sai dai wannan iyawar tana raguwa yayin da hazi ke hawa, daidai inda mai ɗaga wuta yake zuba nasa. Shi ya sa ake bin sa da matata ta kwayil da kafasita, a biyo da regileta mai shiru, a ɗaga wutar ta ɗan zarce abin da ake so don regiletan ya aske saman. LM27762 ya haɗa mai juya wuta da regileta biyu a jiki ɗaya saboda irin wannan aiki. Kafasita mai nanofarad 100 a gindin kowace ƙafar wuta ta aisin sauti wajibi ce, kuma wayar da karant ɗin mai ɗaga wuta ke komawa ta ciki kada ta zama ita ce wayar sifirin sauti. Su haɗu a wuri ɗaya tak. Iyafis mai kaifin ji yana fallasa hayaniyar da ba ta kai mili-bolt ɗaya ba.

Biyu daga cikin gajerun hanyoyin da ake bi suna da tarko. Akwai batura masu siffar na bolt 9 da ake caji ta USB. Wasunsu ƙwayoyin lithiyam biyu ne a jere, 8.4 a cike, kuma shiru suke. Wasu kuwa ƙwaya ɗaya ce da mai ɗaga wuta a ɓoye, suna nuna 9 cif har su mutu farat ɗaya, kuma sukan shigo da tsuwa. Fawa bank kuma yakan kashe kansa idan ya ga abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, amfilifayan hedifon kuwa ɗan kaɗan yake ja.

Lithiyam ba ya yafe ganganci. Kowace ƙwaya tana buƙatar da'irar caji irin TP4056 da ta kariya irin DW01, mai yankewa idan caji ya wuce kima, ko wuta ta yi ƙasa sosai, ko waya ta haɗu. Idan an jera biyu, sai an sa allon da ke daidaita su. Masu ƙera shi sun ƙayyade caji tsakanin digiri 0 da 45, kuma wanda ke zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san a watan Afrilu inuwa kanta tana haura 40, balle gwangwanin ƙarfe da aka bari a mota. Gwangwanin ma abin kula ne, don ƙarfe ne tsirara: a shimfiɗa masa roba a ciki kafin allo ko batir ya zauna. Ƙwayoyin da ake cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta suna da amfani idan an gwada su, amma duk 18650 da aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce, na gaske suna tsakanin 2,000 da 3,500 ko sama da haka kaɗan.

In an tambaye ni, ga mai hedifon mai om 250 zuwa sama zan ce batura biyu masu bolt 9 a jere da TLE2426 a tsakaninsu maimakon ɗaukar mahaɗarsu. Ya sami bolt 18, sifirinsa yana bin tsakiya ko da ɗaya ya fi ɗaya rauni, kuma makunni mai layi ɗaya ya ishe shi. Ga mai om 32 zuwa ƙasa, boltej kaɗan da sifiri mai ƙarfi, ko ƙwayoyin lithiyam biyu da kariyarsu. Ƙarin boltej a wurinsa ba ya ƙara komai sai zafi da haɗarin kunne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro lafiya ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako.

Kowace hanya aka bi, kada hedifon ya zama abin gwajin farko. A sa resista mai om 33 a kowace mafita a madadinsa. A kunna, a auna daga sifiri zuwa fozitif, a auna zuwa nagatif, a ga ko sun yi kusa da juna. A auna boltej maras motsi a mafita: ƙasa da mili-bolt 20 ana iya zama da shi, sama da haka a nemi dalili. A saki waƙa mai nauyin ganga a sake duba layukan. Sannan a cire sabon batir a sa wanda ya sauko bolt 7, a maimaita komai daga farko. Idan batura biyu ne masu sifiri a mahaɗa, a zare ɗaya da gangan mita tana kan mafita, a karanta abin da zai isa hedifon ranar da hakan ta faru a aljihu.